Filin Shawara: Takardun Inshorarmu Duk Suna Cikin Imel Ɗin Maigida

Ni matar aure ce, muna zaune a jihar Kalifoniya ta Amurka da maigidana da 'ya'yanmu. Watan jiya ɗan sanda ya tsayar da ni a hanyar kai yara makaranta, ya nemi shaidar inshorar mota. Na nuna masa katin da ke wayata, ya duba ya ce ai inshorar ta mutu. Ashe katin bankin da ake cire kuɗin wata-wata da shi ne wa'adinsa ya ƙare. Kamfani ya yi ta turo saƙo ta imel ɗin maigida, shi kuwa bai buɗe ba, kuma ko takarda ɗaya ba su aiko gida ba. Maigida ya ce bai ma tuna ranar da ya yarda a daina aiko mana da takarda ba. Abin da ya fi tayar min da hankali, ya ce ya yi inshorar rai saboda mu, amma ban taɓa ganin takardarta ba, ko sunan kamfanin ban sani ba. Da na ce ya nuna min sai ya haɗe rai, wai fatan mutuwa nake yi masa. Anti, doka ta ba kamfani damar yin haka? Kuma yaya zan yi da maigida?

'Yarki, daga Kalifoniya

'Yata, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya kiyaye gaba.

E, doka ta ba su dama, amma da sharaɗi. A Amurka harkar inshora a hannun jihohi take, haka majalisar tarayya ta tabbatar tun 1945, shi ya sa kowace jiha ke da nata ƙa'idojin. A shekarar 2000 aka yi dokar tarayya da ake kira E-SIGN, wadda ta ce ba za a ƙi amincewa da takarda ko sa hannu don kawai ta kwamfuta aka yi su ba. Daga nan jihohi suka riƙa yin nasu dokokin da suka ba kamfanonin inshora izinin tura takardun yarjejeniya da sanarwa ta imel ko ta shafinsu na intanet. A mafi yawan jihohi, har da taku, sai mai inshora ya yarda tukuna. Dole kuma a gaya masa cewa yana da ikon neman takarda a hannu, yana da ikon janye yardar duk ranar da ya ga dama.

Ga yadda yardar take faruwa. Mutum na sauri wajen cike fom a waya, ga ɗan akwati a ƙasa da rubutu ƙanana, wani lokacin har da alkawarin rage masa 'yan daloli idan ya haƙura da takarda. Ya danna, ya wuce. Don haka na yarda da maigidanki da ya ce bai tuna ba. Sai dai a wurin doka wannan dannawar sa hannu ce. Ni kam ban ga adalci ba a ce sanarwar da za ta raba iyali da inshorarsu ta faɗa cikin tarin saƙonnin talla. Kamfani ya huta da kuɗin bugawa da na gidan waya, nauyin sa ido kuma ya dawo kan talaka mai aikin dare da rana.

Ki fara da motar. Kada ki sake hawa titi da ita sai an farfaɗo da inshorar ko an yi sabuwa, domin a Kalifoniya kamfanoni na sanar da hukumar rajistar motoci, wato DMV, idan inshora ta mutu, kuma tana iya dakatar da rajistar motar. Sannan maigida ya rubuta wa kamfanin, ya nemi shaidar ranar da ya ba da yarda, da ranar da suka tura sanarwar sokewa, da hanyar da suka bi. Dokar jiharku ta ce a ba da sanarwar aƙalla kwana 10 kafin a soke inshorar mota saboda rashin biya. Idan suka kasa nuna shaida, ku kai ƙorafi Hukumar Inshora ta Kalifoniya, kyauta ne. A cikin wasiƙar dai ya janye yardar, ya ce a dawo da aiko takarda gida.

Batun inshorar rai shi ya fi damuna, domin a nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Dokar E-SIGN kanta ta cire sanarwar soke inshorar rai da ta lafiya daga cikin abin da ta halatta a tura ta kwamfuta, saboda girman haɗarin. Jiharku kuma ta ƙara muku kariya tun 2013: ana ba da lamunin kwana 60 bayan ranar biya ta wuce, ana aiko da sanarwa kwana 30 kafin inshorar ta mutu, kuma mai inshora na da ikon ba da sunan wani mutum daban da za a riƙa tura wa irin wannan sanarwa. Wannan mutumin ke ce ya kamata ki zama. Fom ɗaya ne zai cike.

Maigidanki kuwa, kada ki ɗauka ɓoye-ɓoye yake yi. Mazanmu da yawa ba sa son a ambaci mutuwa a gabansu, ga kuma kunyar abin da ya same ki a titi saboda sakacinsa. Ki bari sai ya ci abinci ya natsu, yara sun kwanta. Ki fara da yi masa godiya kan tanadin da ya yi muku, domin ba kowa ke yi ba. Daga nan ki tuna masa cewa addini ma ya kwaɗaitar da Musulmi ya ajiye wasiyyarsa a rubuce, kuma babu wanda rubuta wasiyya ya rage wa kwana. Ki ce masa tanadin da iyali ba su san inda yake ba, daidai yake da kuɗin da aka binne ba a gaya wa kowa wurin ba. Ba lambar sirrin imel ɗinsa kike nema ba, ki faɗa masa haka ƙarara don hankalinsa ya kwanta. Abin da kike so shi ne sunan kamfani, lambar yarjejeniya, sunan wanda aka rubuta zai karɓi kuɗin, da kwafi a takarda da za ku ajiye tare da fasfo da takardun haihuwar yara.

Idan ya ƙi sauraro, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin masallacinku, ya yi masa magana cikin sirri. Kada ki bari watan nan ya ƙare ba ki riƙe takardar a hannunki ba, 'yata. Allah ya daidaita tsakaninku.

Antinku