Darasi na 14: Wani Inji a Tsohuwar Mota

Ga wata tsohuwar bas a gareji a Dakata, kusa da masana'antun Bompai. Volkswagen ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1950. Turawa sukan sa mata gado, su kwana ciki in suna tafiya. Mu kuwa fasinja da buhuna muke ɗora mata.

Jikinta lafiya lau, amma injin ya buga. Mai ita ya sayo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa.

To, a nan aiki yake. Injinta na asali a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ya shan ruwa. Wanda aka sayo kuwa na ruwa ne. Tilas makaniki ya kafa lagireto inda iska za ta buge shi, ya ja bututu har wajen inji. In bai yi haka ba, kafin a kai Gezawa inji ya ɗau zafi ya ƙone. Sai kuma ya ƙera ƙarfen da zai haɗa inji da giyabos, gama ba uwa ɗaya ta haife su ba. A duba birki ma, don ƙarfin mota ya ƙaru.

Kowane inji da lambarsa. Kada mu biya kuɗi sai mun karanta ta, an rubuta mana a rasit. Sa'an nan mu je ofishin lasin a gyara takardun mota, kada a ce na sata ne.

Tambayoyi
1. Me ke sanyaya injin asali?
2. Don me za mu karanta lamba?