Me Ya Sa Baƙi Ke Biyan Kuɗi Su Shiga Madafi a Biyetnam?

Wata baiwar Allah daga Zariya ce ta aiko mana da tambayar wannan mako. Ta ce: "Kawu, na sha ganin bidiyon baƙi a ƙasar Biyetnam, an ɗaura musu ƙyallen girki suna ta fama da kasko, wai yawon buɗe ido suke yi. Mutum ya tara kuɗin jirgi da guminsa, ya tafi hutu, sannan ya sake biya a sa shi yankan albasa? Koyo ake yi da gaske, ko dabarar karɓe kuɗin baƙo ce kawai? Shin ba abincin 'yan Sin ba ne suke dafawa? Kuma Musulmi zai iya shiga?"

Madalla da wannan tambaya, 'yata. Duk wadda ta san zafin murhu tun tana yarinya dole ta yi mamakin mai biyan kuɗi don ya sha hayaƙi. Gaskiyar magana, sana'a ce, masu yinta kuma riba suke nema. Amma koyon ma ana yin sa, in an dace da wuri na kirki. Bari mu bi ranar tun daga safiyarta, ke da kanki sai ki yanke hukunci.

Ana samun irin waɗannan darussa a Hanoi, babban birnin ƙasar, da birnin Ho Chi Minh da ke kudu, wanda har yau mutanensa ke kira Saigon, da kuma Hue, inda sarakunan gidan Nguyen suka yi mulki daga 1802 zuwa 1945. Sai dai garin da ya fi yin suna a kai shi ne Hoi An, wata tsohuwar tashar jiragen ruwa a bakin kogin Thu Bon, kimanin kilomita 30 kudu da Da Nang. Fatake daga Sin da Japan da Turai sun yi zamani suna sauke kaya a nan, kuma a 1999 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Darasin yakan ɗauki rabin yini, awa huɗu ko biyar.

Ba a madafi ake farawa ba. Kasuwa ake fara zuwa, da sassafe, kowa da ɗan kwandonsa, malamar girkin tana gaba. Ni a wurina nan ne kuɗin mutum ke fara biyan kansa. Baƙon da ya shiga kasuwar wata ƙasa shi kaɗai kallo kawai zai yi, ya ɗauki hoto, ya fito bai san ko sunan ganye ɗaya ba. Amma da 'yar gari a gabanki, za ta tsinko ganye ta murje ta kai miki hanci, ta ce wannan da kifi ake ci, wancan da kaza. Za ki ga na'a-na'a iri-iri, da dangin ɗoɗɗoyarmu, da furen ayaba da aka yayyanka siriri kamar zare, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke jefawa a shayi, su kuwa nama suke jiƙawa da ita. Za ta nuna miki yadda ake duba idon kifi, da yadda ake gane taliyar shinkafa ta yau da wadda ta kwana. Za ki lura mata da yawa can cefanen yini ɗaya suke yi, gobe su dawo, domin girkinsu ya dogara ne da ɗanyen ganye, shi kuwa ba ya jira. Har cinikin da malamar ke yi da mai kifi darasi ne, ko ba ki jin yaren za ki gane ana ja-in-ja a kan farashi, kamar dai a kasuwar Sabon Gari.

Daga kasuwa wasu sukan kai ɗalibansu ƙauyen Tra Que, kilomita uku kacal daga gari, inda ake noman ganyayyaki a ƙananan fangaloli, ana yin taki da ciyawar ruwa da ake kwasowa daga kogi. Wasu kuma sukan bi ta ƙauyen Cam Thanh, a sa baƙi cikin wani jirgin ruwa da aka saƙa da gora, zagayayye kamar ƙatuwar ƙwarya. Asalinsa na masunta ne. Yanzu matuƙan sukan yi ta juya shi kamar katantanwa, ga kiɗa yana tashi, baƙi na ihu. Wannan kam wasa ne, ba ruwansa da girki. Mai saurin jiri ya ce a bar shi a tudu.

In an isa madafi, kowa da teburinsa, da wuƙarsa, da ɗan murhunsa. Abin da aka fi farawa da shi shi ne banh trang, wato wani fallen shinkafa mai kama da takarda. A wuraren da suka ɗauki abin da muhimmanci, da hannunki za ki niƙa jiƙaƙƙiyar shinkafa a dutsen niƙa har ta zama ƙullu mai ruwa-ruwa. An ɗaure farin ƙyalle tamau a bakin tukunyar ruwan zafi, sai ki zuba ludayi ɗaya a kai, ki baza da bayan ludayin, ki rufe ɗan lokaci kaɗan tururi ya dafa, sannan ki zura siririn tsinken gora ki ɗago shi. Na farko yagewa yake yi, na biyu ma haka, malamar tana dariya. Da wannan falle ake naɗe goi cuon: jatan lande, da siririyar taliya, da latas, da ganyaye masu ƙamshi, a naɗe kamar tabarma, a ci ba tare da an soya ba.

Sai banh xeo, wanda na tabbata zai fi kwanta miki a rai, domin ɗan'uwan sinasir ne, sai dai ba a barin ƙullunsa ya tashi, kuma siriri ne mai ƙaras-ƙaras. Garin shinkafa ne da ruwa da kurkum, a kudu kuma a ƙara madarar kwakwa. Launinsa rawaya yakan sa baƙo ya rantse da ƙwai a ciki, alhali kurkum ne. Sunan ma daga ƙarar da ƙullun ke yi ya samo asali idan ya faɗa kasko mai zafi, abin da mu za mu ce "cuu". A nan ne ake koyon abin da takarda ba ta koyarwa: zafin da kaskon zai kai, da yadda za a karkata shi ƙullun ya zagaye kafin ya kama, da haƙurin barinsa har gefensa ya ɗago da kansa.

Amma in kin tambaye ni darasi ɗaya da ya fi duka, sai in ce ɗan kwanon miyar dangwale da ake kira nuoc cham. Tushensa nuoc mam ne, wato ruwan kifi. Ƙananan kifayen teku ake jerawa da gishiri a manyan gangunan katako, kusan kashi uku na kifi kashi ɗaya na gishiri, a rufe wajen shekara guda, sannan a tace ruwan da ya fito, ja kamar shayi. Na tsibirin Phu Quoc da na garin Phan Thiet su suka fi suna. Na san kin yamutsa fuska. To, tuna da daddawa. Wanda bai santa ba, in ya sansana ta ɗanya gudu zai yi, amma cire ta daga miyar kuka ki ji yadda za ta zama lami. Aikin da daddawa ke yi mana shi nuoc mam ke yi musu. Ana haɗa shi da lemun tsami, da sukari, da ruwa, da tafarnuwa, da barkono. Malama ta gari ba za ta tsaya a ba ki awo ba. Za ta ce ki ɗanɗana, ta tambaye ki me ya yi yawa. Gishiri ya fi? Ƙara lemo. Tsami ya kama harshe? Ɗan sukari. Haka za ki yi ta yi har zaƙi da tsami da gishiri da yaji su zauna lafiya babu wanda ya danne wani. Wanda ya kama wannan ya kama bakin zaren girkin ƙasar, domin irin wannan daidaito ake nema a kusan kowane kwano.

Batun ko abincin 'yan Sin ne, ba ki yi nisa da gaskiya ba, amma ba haka ba ne. Sin ta mallaki arewacin ƙasar kusan shekara dubu, har zuwa 938, ta kuma bar musu cin abinci da 'yan sanduna biyu da wasu dabarun suya. Sai dai mutanen Biyetnam sun fi jingina da ruwan kifi da tulin ɗanyen ganye, mai kuma kaɗan. Faransa ma ta bar tata alamar kafin a fatattake ta a Dien Bien Phu a 1954: dogon burodinta ya zama banh mi, gahawar da ta kawo kuma ta bunƙasa har yau Birazil ce kaɗai ta fi Biyetnam nomanta. A cikin ƙasar kanta girki ba ɗaya ba ne. Na arewa sassauƙa ne, ba yawan yaji ba yawan zaƙi. Na tsakiya, wajen Hue, shi ne mai barkono. Na kudu kuwa ga sukari ga kwakwa. Saboda haka darasin Hanoi daban, na Saigon daban.

Kada kuma in yi miki daɗin baki. Rabin yini ba ya mai da mutum gwani. Ɗauki pho, wanda ake furtawa kusan "fa", taliyar shinkafa cikin romon naman sa, abincin da ya fi kai sunan ƙasar duniya. Romonsa ƙashin sa ne da ake dafawa a hankali na sa'o'i masu yawa, da gasasshiyar citta da albasa, da kirfa, da kanumfari, da wani ɗan ƙamshi mai siffar tauraro. Duk ajin da ya ce kin dafa pho cikin awa uku, to an ɗora tukunyar tun kina barci, ke dai kin gasa citta kin zuba. Haka cao lau, taliyar Hoi An, wadda a al'ada ake kwaɓawa da ruwan toka, kamar yadda muke sa kanwa, masu garin kuma suna cewa sai da ruwan tsohuwar rijiyar Ba Le take yin daidai. Wannan a kasuwa ake sayo ta, ba a aji ake yi ba.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, wadda ta fi nauyi. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a Biyetnam. Yana cikin cao lau, yana cikin goi cuon da banh xeo na asali, shi ne kuma bun cha, abincin da shugaban Amurka na lokacin, Obama, ya ci a wani ƙaramin gidan abinci a Hanoi a 2016 har duniya ta ɗauka. Wanda ido ke gani ba shi ne matsala ba. Matsalar tana cikin wanda ya ɓuya: kitsen suya, da romon da aka riga aka dafa, da garin ɗanɗano da suke kira hat nem, wanda yawanci da ƙashin alade ake yinsa. Kaza da naman sa na kasuwa kuma ba yankan Musulunci ba ne. Wani lokaci akan ɗiga giyar shinkafa wajen jiƙa nama ko kifi.

Duk da haka ƙofa a buɗe take. Mabiya addinin Buddha da yawa a can suna ƙaurace wa nama a ranar 1 da ranar 15 ga watansu na gargajiya, don haka girkin da babu nama, wanda suke kira chay, tsohon abu ne a wurinsu, kuma sun iya shi. Yawancin makarantun girki suna karɓar wannan buƙata idan an faɗa musu tun lokacin yin rajista. Ko dai ki zaɓi chay zalla, ko ki ce kifi da jatan lande kawai, tunda a mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi abin da ya fito daga teku halal ne, shi kuma nuoc mam na asali kifi ne da gishiri. Ki nemi kasko da katakon yanka naki daban, da man gyaɗa ko wani man tsiro. Ki riƙe kalmomi biyu: a kudu naman alade thit heo ne, a arewa thit lon. Ki sa a rubuta miki a takarda cewa ba kya ci, domin yarensu kamar Hausa yake, karin murya na canza ma'anar kalma, baƙo kuma yakan faɗi wani abu daban bai sani ba. Musulmi ma akwai su a ƙasar, ko da yake 'yan kaɗan ne, akasari 'yan ƙabilar Cham, musamman wajen Chau Doc kusa da iyakar Kambodiya. A Saigon akwai babban masallaci a titin Dong Du da Musulmin Indiya suka gina a 1935, ga kuma gidajen abincin halal a jere kusa da kasuwar Ben Thanh. A Hanoi akwai masallacin Al-Noor.

Wajen zaɓen aji, ki tambayi abu uku: mutum nawa ne a aji, ko za a je kasuwa, da ko kowa zai girka nasa ne ko kuwa malamar ce za ta yi ana kallo. Ajin da ya cika maƙil biki ne, ba karatu ba. In Hoi An za ki, ki guji Oktoba da Nuwamba, lokacin da kogi kan cika ya shigo har titunan tsohon gari.

Idan kin dawo Zariya, banh xeo ba zai gagare ki ba. Garin shinkafa, kurkum, kwakwa, latas, na'a-na'a, duk muna da su, ƙullu kuwa hannunki ya riga ya saba da shi. Ruwan kifin ne sai kin nema a manyan kantunan Abuja ko Legas. Ban ba ki shawarar ki sayo shi daga can ba: kamfanonin jiragen sama da dama ba sa yarda a shiga da shi, kuma in kwalbar ta fashe a cikin akwati, atamfofinki sun gama yawo.