Babi na Bakwai: Ƙirƙirar Keɓaɓɓun Kalmomi: Misali Daga Aikin Dashen Haƙori

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da Hausa take bi wajen samar da sababbin kalmomi, wato aro da faɗaɗa ma'ana da harɗa kalmomi da kuma ƙirƙira. To amma sanin sunayen waɗannan hanyoyi bai isa ya mai da ɗalibi gwanin aikin ba. Saboda haka wannan babi zai ɗauki abu guda ɗaya, wanda Hausa ba ta riga ta tsayar masa da suna ba, a bi shi daki-daki har a ga yadda suna yake fitowa daga cikin aikin abin. Abin da aka zaɓa wata 'yar na'ura ce da likitocin haƙori suke amfani da ita yayin dasa haƙori. An zaɓe ta ne da gangan, domin ta yi nisa da fagen harshe da adabi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka kuma buga a 1990, ya rage wa malamin Hausa wahala a ɓangaren nahawu da adabi. Sai dai malami ba ya tsira daga tambaya a kan lafiya da fasaha, ko daga ɗalibansa a aji, ko daga gidan rediyo, ko daga asibitin da ya nemi a fassara masa takardar wayar da kan jama'a.

7.1 Abin da Hausa Take da Shi

Matakin farko shi ne a duba rumbun harshe kafin a tafi aro. Bahaushe yana da kalmomi masu yawa game da baki. Akwai haƙoran gaba da fiƙa da turame, akwai dasashi da muƙamuƙi. Ya bambanta wushirya, wadda halitta ce kuma ado, da giɓi, wanda rashi ne. Ya san haƙorin Makka na zinariya ko azurfa da mahajjata suke dawowa da shi, ya kuma san haƙorin roba wanda ake sawa a cire. Duk waɗannan ba su ne dashen haƙori ba. Haƙorin Makka galibi sutura ce da ake yi wa haƙori, shi kuwa na roba a kan dasashi yake zaune, ba shi da saiwa a cikin ƙashi.

Ita kalmar dashe daga noma ta fito. Wanda ya taɓa zagayawa lambunan da ke wajen Ƙofar Sauri a birnin Katsina lokacin rani ya ga yadda masu lambu suke cire irin latas ko albasa daga inda aka yafa shi, su kafa shi a wani fangali, su yi ta ba shi ruwa har ya kama. Da likitanci ya zo da aikin sauya ƙoda, sai aka faɗaɗa ma'anar kalmar aka ce dashen ƙoda, daga nan kuma aka sami dashen haƙori. A nan akwai tarko. Wanda ya saba jin dashen ƙoda ya san cewa ƙodar wani mutum ake sa wa majinyaci, don haka yana iya zaton haƙorin wani za a kafa masa a baki, ya ƙi aikin saboda ƙyama. Wajibi ne mai fassara ya share wannan zato tun a jimlar farko.

7.2 Yadda Dashen Haƙori Yake

Abin da ake dasawa ƙusa ce mai murɗi, wadda aka ƙera da wani ƙarfe mai suna taitaniyam. Kaurinta yakan kama daga milimita 3 zuwa 5, tsawonta kuwa galibi tsakanin milimita 8 da 13. Ana huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura ta a ciki domin ta tsaya a madadin saiwar haƙorin da aka rasa, daga baya a ɗora mata kan haƙori na tangaran.

Asalin aikin daga ƙasar Suwidin yake. A 1952 wani likita mai bincike, Per-Ingvar Branemark, yana nazarin gudanar jini a cikin ƙashin zomo, sai ya kafa wata 'yar na'urar taitaniyam a ƙafar dabbar. Da ya zo cire ta, sai ya tarar ƙashi ya manne mata gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko irin wannan ƙusa a muƙamuƙi, kuma bayan wani taron likitoci da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982 aikin ya bazu a duniya. Mannewar ƙashi da ƙarfe tana ɗaukar kimanin wata 3 zuwa 6. Ta wannan fuska kalmar dashe ta dace ƙwarai, domin shi ma sai an jira ya kama, kuma yana iya ƙin kamawa, musamman ga mai shan taba da mai ciwon sukari wanda bai daidaita ba. Ba a kuma yi wa yaro, sai ƙashin muƙamuƙinsa ya gama girma.

7.3 Matsalar da Na'urar Take Warwarewa

A ƙaddara wani dattijo mai lambu a Ƙofar Sauri ya rasa turmi ɗaya na ƙasa, shekara biyu da suka wuce, yanzu yana son a dasa masa. Abin da likita yake gani da ido dasashi ne kawai. Ƙashin da za a huda yana ɓoye a ƙarƙashi, kuma ba yadda yake a da yake ba, domin idan aka cire haƙori ƙashin wurin yakan zaizaye, har faɗinsa yana iya raguwa da kusan rabi a shekarar farko. Bayan haka, a cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ta ratsa ƙarƙashin turame, wadda ita ce take sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. Idan mahuji ya taɓa ta, leɓen dattijon yana iya daina ji na wasu watanni, wani lokaci har abada. A muƙamuƙin sama kuma akwai kogon iska a gefen hanci, wanda ba a so ƙusa ta faɗa cikinsa. Likitoci sukan bar tazarar milimita 2 tsakanin bakin ƙusa da jijiyar, da milimita 1.5 tsakaninta da saiwar haƙorin da ke maƙwabtaka, da milimita 3 tsakanin ƙusa da ƙusa. Ɗalibi ya ɗauko rula ya dubi milimita 2, zai fahimci ƙuncin filin da ake aiki a ciki.

Ya kamata a lura a nan cewa kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini da igiyar da ke ɗaure tsoka da kuma mai kai saƙon ji. Duk inda ta fito a rubutun lafiya, sai an fayyace wadda ake nufi.

Akwai matsala ta biyu wadda ba ta kai ta farko haɗari ba, amma ta fi ta yawan aukuwa. Ƙusa tana iya zama lafiya lau a cikin ƙashi, amma ta karkace, ta yadda kan haƙorin da za a ɗora mata ba zai haɗu da abokin taunarsa na sama ba. Don haka ƙwararru suke fara tsarin daga ƙarshe: a tsayar da inda kan haƙori ya kamata ya zauna, sannan a nemo wa ƙusa mazauni a ƙarƙashinsa.

Ga yadda ake yi. Da farko a ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙi da na'urar da take nuna tsawo da faɗi da kauri, irin wadda ta shigo aikin haƙori a ƙarshen shekarun 1990. Sai a ɗauki siffar haƙora da dasashi, ko dai da wani abu mai kama da ƙullu da majinyaci yake ciza, ko da ƙaramar kyamara da ake zagayawa da ita a baki. A haɗa hotunan biyu a kwamfuta. A nan ne likita yake kafa ƙusar a allo tun bai taɓa majinyaci ba, ya juya ta, ya matsar da ita, ya auna nisanta da jijiya, har ya gamsu. Daga nan sai a ƙera wani abu na roba mai tauri, wanda yake zama a kan haƙoran majinyacin daram, kamar yadda murfi yake zama a kan tukunyarsa. A yau yawanci na'urar ɗab'i mai gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa ce take fitar da shi. A jikinsa akwai rami mai zoben ƙarfe daidai inda za a huda. Ranar aiki sai a kifa shi a kan haƙora, a zura mahuji ta cikin zoben. Zoben ne yake tsare wuri da karkata, wata 'yar gaɓa a jikin mahujin kuma ta tsare zurfi. Idan majinyaci ba shi da haƙori ko ɗaya, sai a zaunar da abin a kan dasashi ko a kan ƙashi, a kafe shi da ƙananan ƙusoshi.

Na'urar tana rage kuskure ne, ba ta kawar da shi. Bincike ya nuna cewa ko da an yi amfani da ita akan sami bambancin da ya ɗara milimita 1 tsakanin tsari da abin da ya auku a baki, abin da ya sa ba a wasa da waccan tazara ta milimita 2. Tana kuma tare ruwan da ake fesawa don sanyaya mahuji, alhali ƙashi yana lalacewa idan zafinsa ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya. Wanda bakinsa ba ya buɗuwa sosai, da wuya a yi masa aiki da ita a turamen can ciki. Ga kuma ƙarin kuɗi a kan aikin da tun asali ya fi ƙarfin yawancin jama'a.

7.4 Neman Suna

Yanzu da aka san aikin abin, ana iya auna sunayen da za a iya ba shi. Sunansa na Ingilishi yana ɗauke da ma'anar ja-gora, don haka mai fassarar kalma da kalma zai ce jagoran tiyata. Wannan suna ya fi kowanne rauni. A Hausa jagora mutum ne, kuma duk wanda ya ji jagoran tiyata zai ɗauka babban likitan da ke shugabantar aikin ake nufi. Idan aka rubuta wa dattijon nan cewa zai biya kuɗin jagoran tiyata, ya fahimci wani abu dabam da abin da ya sa wa hannu.

Wani zai ce ma'aunin dashe. Wannan ya fi na farko, domin ya nuna cewa kayan aiki ne. Illarsa ita ce abin ba ya auna komai. An riga an gama awo a kwamfuta kafin a ƙera shi. Mazubi ma bai dace ba, ko da yake siffar abin ta yi kama da shi, tun da ba a zuba komai a ciki.

Hanya mafi inganci ita ce a koma ga tsirar sunan kayan aiki, inda ake sa ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i a jikin saiwar aikatau, kamar a mabuɗi da madubi da magogi da masassabi. Tambayar ita ce, wane aikatau ne ya ƙunshi aikin wannan na'ura? Aikinta shi ne ta riƙe mahuji a kan wurin da aka nufa da kuma fuskar da aka nufa. Akwai daidaita, wanda zai ba da madaidaici, sai dai wannan kalma ta riga ta zauna da ma'anar matsakaici. Akwai kuma saita. Asalinta aro ce, amma ta daɗe da zama 'yar gida: maharbi yana saita bindiga, makanike yana saita inji, ana saita agogo. Daga gare ta ake samun masaiti, idan aka harɗa kuma a sami masaitin dashe. Sunan gajere ne, ya bi ƙa'idar ginin kalma, kuma wanda bai taɓa ganin abin ba zai gane cewa kayan aiki ne na hana karkacewa.

Duk da haka, wannan shawara ce kawai. Kalma ba ta zama keɓaɓɓiya sai masu sana'ar da masu jin harshen sun karɓe ta. Don haka wanda ya ƙirƙira ta sai ya kai ta gaban likitan haƙori ya ji ko ta saɓa wa aikin, ya kuma gwada ta a kunnen wanda bai yi boko ba, ya tambaye shi abin da ya fahimta kafin ya yi masa wani bayani.

7.5 Jinga

1. A rubuta sakin layi ɗaya, wanda bai wuce jimla 6 ba, da za a karanta wa dattijon da aka ambata a 7.3, a bayyana masa dashen haƙori da masaitin dashe ba tare da kalmar Ingilishi ba.

2. A gwada sunaye ukun nan, jagoran tiyata da ma'aunin dashe da masaitin dashe, a kan mutum 5 masu shekaru daban-daban, a rubuto abin da kowannensu ya fahimta.

3. A nemo sunaye ga zoben ƙarfen da mahuji yake bi ta cikinsa da kuma jijiyar da aka yi bayani, a faɗi hanyar da aka bi wajen samar da kowanne.