Amsoshin Tambayoyinku: Baiwar da Aka Ƙyale a Wasan Pokémon

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne a Deule, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa. Ni da abokaina mukan buga wasan Pokémon a salula duk lokacin da rezo ya yi kyau. Na lura kusan kowa dodanni iri ɗaya yake ɗaukowa, masu baiwa iri ɗaya, alhali ga wasu barkatai da ba mai waiwayar su. Shin ba su da amfani ne, ko kuwa mutane ne ba su gano sirrinsu ba?

Amsa:  Abin da kake so ka sani shi ne, me ya sa ake rububin wasu baiwa kaɗan a bar sauran, kuma ko waɗanda aka bari ɗin za su iya cin gasa. Bari na fara da ɗan bayani saboda iyaye da yayye da za su karanta ba tare da sun taɓa ganin wasan ba.

Pokémon wasan bidiyo ne da kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ya ƙirƙira, aka fitar da shi a 1996 a kan ƴar na'urar Nintendo mai suna Game Boy. Ɗan wasa yana tara wasu halittu na zane, ya horar da su, ya haɗa su faɗa da na abokin karawarsa. Yau halittun sun haura 1,000, an kasa su jinsi 18, irin su wuta da ruwa da ciyawa da lantarki, kowane jinsi da wanda yake rinjaya da wanda yake rinjayar sa. A gasar hukuma da ake kira VGC, kowa yana zuwa da dodanni 6, ya zaɓi 4 daga ciki, a fafata biyu da biyu a fili.

Ita kuwa baiwa, wani hali ne da dodo yake ɗauke da shi wanda yake aiki da kansa, ba sai ka ba shi umarni ba. An shigo da ita wasan a 2002, cikin fitowar wasan mai suna Ruby da Sapphire, kuma yanzu akwai sama da 300. Dodo ɗaya baiwa ɗaya yake shiga fili da ita, ko da yake yawancinsu suna da biyu ko uku da za a zaɓa daga ciki.

To, gaskiya ce wasu ba su da wani aiki a gasa, kuma ba laifin kowa ba ne. Akwai Run Away, wadda ke ba ka damar tserewa daga dodon daji. A gasa ba dodon daji, saboda haka zaman banza take yi. Haka Honey Gather, ta tsinto zuma bayan faɗa. An yi su ne don yawon cikin labarin wasan. Waɗannan ka bar su inda ka gan su.

Wasu kuma baiwar tana da kyau, mai ɗauke da ita ne ba shi da ƙwari. Nan ne matasa da yawa suke yin tuntuɓe. Sai ka karanta bayanin wata baiwa ka ji kamar ka tsinci dami a kala, ka manta cewa ba ita kaɗai ake ɗauka ba, da dodonta take zuwa. In jininsa bai da yawa, wato ƙarfin jure duka, ko kuma ba shi da sauri, za a kayar da shi kafin baiwar ta motsa. Kana da gurbi 6 kacal, kuma kowane gurbi da ka ba rarrauna, ka hana wani ƙaƙƙarfa ne.

Amma kashi mafi ban sha'awa shi ne na baiwar da lokacinta ne bai zo ba. Ku mutanen jihar Tawa, inda aka fara kokowar Takobin ƙasa a 1975, ba sai an wahala wajen yi muku bayanin wannan ba. Ɗan kokowa yakan kwana yana koyon kauce wa kamun da ya san kowa na yi. Kamun da ba a saba gani ba yana kayar da mutum ne saboda bai yi masa shiri ba, kuma ba zai ci ba sai abokin karawar ya tsaya irin tsayuwar da kamun yake so. Haka abin yake a nan. Darajar baiwa tana hawa tana sauka gwargwadon abin da sauran ƴan wasa suke kawowa fili.

Ɗauki Intimidate, wato razanarwa, wadda na tabbata ita ce ka gaji da gani. Da zarar mai ita ya shigo, ƙarfin dukan abokan hamayya biyu yana raguwa da mataki ɗaya, ya koma kashi biyu cikin uku. Incineroar, wannan mai siffar damisa da ɗamarar ɗan kokowa, ya samu wannan baiwa a 2018, tun daga nan ya zama ɗan gida a kusan kowace gasa da aka yarda ya shiga. Yawansa ne ya ɗaga darajar wasu baiwa biyu, Defiant da Competitive, masu juya razanarwa ta zama riba. Mai Defiant in aka rage masa mataki ɗaya, sai ƙarfin dukansa ya ƙaru da biyu, ya tashi da ribar ɗaya, wato ninki ɗaya da rabi na yadda ya shigo. A filin da ba mai razanarwa, wannan baiwa za ta iya ƙare faɗa ba ta yi komai ba.

Wani lokaci ma masu ƙirƙirar wasan ne suke sauya doka. Inner Focus, wato natsuwar zuci, tana nan tun 2002, aikinta kawai hana dodo firgita ya rasa zagayensa. A 2019, cikin fitowar wasan mai suna Sword da Shield, aka ƙara mata cewa razanarwa ba ta kama mai ita. Sai ga ƴan gasa da yawa a zamanin fitowar Scarlet da Violet suna zaɓa wa dodon Dragonite ita, suna ajiye Multiscale, wadda ke rage illar duka da rabi in jini a cike yake, wadda kuma a da ake ganin ba ta da na biyu.

Labarin da na fi so na ba ka ya faru a watan Agusta na 2014, a gasar duniya da aka yi a birnin Washintan na Amurka. Wani matashi ɗan Koriya ta Kudu, Se Jun Park, ya shigo da Pachirisu, ɗan farin kurege mai lantarki wanda kusan ba wanda yake kallon sa a matsayin mayaƙi. Babban makaminsa shi ne Gyarados, macijin ruwa, wanda lantarki ke yi wa illa ninki 4. Yana buƙatar mai tare masa duka. Kuregen yana da wata dabara, Follow Me, mai jawo harin da aka auna wa abokinsa ya dawo kansa. Baiwarsa kuma Volt Absorb ce, shan lantarki: duk harin lantarkin da ya faɗo masa ba ya cutar da shi, sai ma ya mayar masa da kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa. Ka ga yadda abubuwan biyu suka haɗu? Abin da zai kashe Gyarados shi ne abincin mai gadinsa.

Ka lura kuma da dalilin da ya sa bai ɗauki abin da kowa ke ɗauka ba. A lokacin, mai wannan aiki na jawo hari da aka fi sani shi ne Amoonguss, mai siffar laimar kwaɗi. Amma tasa dabarar da hoda take aiki, kuma tun 2013 hoda ba ta kama ƴan jinsin ciyawa. Ga kuma tsuntsun wuta Talonflame ya cika fili, wanda yake yi wa Amoonguss mummunar illa, alhali lantarki yana jure dukan tsuntsaye. Park ya duba filin wannan shekarar, ya ga gurbin da kuregen kaɗai zai cike, ya ci kofin duniya da shi. Shekara biyu bayan haka, a 2016, Ba'amurke Wolfe Glick ya ci nasa kofin da Raichu mai baiwar Lightning Rod, mai zuƙo lantarki zuwa kanta, don ya kare abokin tafiyarsa Kyogre. Tunanin ɗaya ne.

A nan zan ɗan gyara maka kalmar sirri da ka yi amfani da ita. Bayan 2014 mutane da dama sun kwafi kuregen nan, amma bai zama abin da ake cin gasa da shi kullum ba, domin an san shi, fili kuma ya sauya. Manyan ƴan wasa sun san waɗannan baiwa sarai, sun auna su. Abin da ya rage maka ka gano shi ne wacce za ta toshe ɓarakar ƙungiyarka a filin da kake bugawa yau. Ka kuma tabbatar da irin faɗan da kuke yi, domin baiwar Friend Guard ta dodon Clefairy, mai rage wa abokin tafiya illar duka da kashi ɗaya cikin huɗu, tana da daraja a biyu da biyu, amma a ɗaya da ɗaya ba ta da wanda za ta kare.

Ina zaton a Pokémon Showdown kuke bugawa, dandalin intanet na kyauta da masoya wasan suka gina, wanda ba ya buƙatar sayen na'ura. To ga yadda za ka gwada. Ka rubuta a takarda abu ɗaya da ya fi kayar da kai. Ka nemo baiwar da ke maganinsa, ka sauya dodo ɗaya tak, ka bar sauran biyar yadda suke. Ka buga kamar sau 20, kana yin alama duk lokacin da baiwar ta yi aiki har ta sauya sakamako. In ka ga alamun ba su wuce biyu ko uku ba, ka mayar da na da ba tare da jin kunya ba. In sun yi yawa, ka riƙe abinka ko da abokai sun yi dariya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ka yi wannan bayan ka gama bitar karatunka da aikin gida, kada kuɗin rezo ya cinye na littafi. In ka gama gwajin, ka rubuto mini sunayen dodanninka shida da abin da ka gani, mu duba tare.