Da Me Tsiro Ya Ke Tsayuwa?

Wani yaro ya tambaye ni a aji, ya ce, "Malam, mutum da ƙashi ya ke tsayuwa, to, alayyafo fa?" Ga amsar da ta kamata mu ba irinsa.

A shekarar 1665 Robert Hooke, mutumin Ingila, ya yanki ɓawon itacen da a ke toshe kwalba da shi, ya duba a madubi mai ƙara girman abu. Sai ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Kowane tsiro da irin ɗakunan nan aka gina jikinsa, kowane ɗaki kuwa da bangonsa. Bangon an saƙa shi da wani zare mai ƙarfi, selulos, wanda auduga kusan duk shi ne.

Ku tuna ƙwallo, roba a ciki, fata a waje. In an hura ta, fata ce ke hana roba fashewa, ƙwallo ta yi tauri. Haka ruwa ke cika ɗaki ya tokari bango, ganye ya miƙe. In ruwa ya ragu, sai ya yanƙwane.

Funfuna da naman kaza su ma suna da bango, amma nasu da kitin aka ƙarfafa shi, irin na ɓawon fara. Wannan na cikin dalilan da masana suka fid da su daga jinsin tsiro.

To, 'yan'uwa, kada mu tsaya ga alli. Mu tsoma yanƙwanannen alayyafo a ruwa gaban yara, don gani ya kori ji.