DARASIN LISSAFI: ZAFI ƊAYA, MA'AUNI BIYU

Lissafinmu na wannan wata ya shafi lafiyar yaranmu.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ƙauyuka da yawa na Yauri da Ngaski suna zaune ne a bakin tafki. Mutanen Shanga kuma suna kusa da Kogin Kwara. Inda ruwa ya kwanta, ba a rasa sauro. Inda akwai sauro, akwai zazzaɓi. Don haka ya kamata kowane gida ya iya karanta ma'aunin zafin jiki.

Ma'aunin iri biyu ne. Wani yana da harafin C, wani yana da harafin F. A Nijeriya an fi amfani da C, a Amurka kuwa F. Zafin jikin mai lafiya kamar 37 ne a C, amma 98.6 ne a F. Wanda bai sani ba, in ya ga 98 sai ya firgita a banza. In kuma ya ga 40 sai ya raina, alhali yaro yana cikin haɗari.

Ku ɗauka tsani biyu ne aka jingina a bango ɗaya, tsawonsu ɗaya. Ƙasan bango shi ne inda ruwa ke daskarewa. Samansa shi ne inda ruwa ke tafasa. Tsanin C ya fara daga 0 ya ƙare a 100, wato mataki 100. Tsanin F ya fara daga 32 ya ƙare a 212, wato mataki 180. Ke nan kowane mataki 5 na C daidai yake da mataki 9 na F.

Daga F zuwa C:
1. Ɗebe 32.
2. Abin da ya rage, yi shi sau 5.
3. Raba da 9.

Misali, ma'auni ya nuna 104 F. Ɗebe 32, saura 72. 72 sau 5, 360. Raba 360 da 9, ka sami 40 C. Wannan zazzaɓi ne mai tsanani.

Daga C zuwa F, sai a bi hanyar ta baya: sau 9, raba da 5, ƙara 32. Kada a manta da 32 ɗin nan, domin tsanin F ba daga sifili ya fara ba.

A riƙe wannan: 38 C daidai yake da 100.4 F. Yaron da zafinsa ya kai haka, a kai shi asibiti a gwada jininsa. In jariri ne, ko yana sanƙarewa, ko ya ƙi nono, kada a jira gari ya waye.

AIKIN GIDA
1. Mayar da 95 F zuwa C.
2. Mayar da 30 C zuwa F.
3. Mayar da 39 C zuwa F.

Ku nuna wa malaminku amsoshin. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.