Amsar Tambaya: Narkar da Daskararren Nama a Maikirowef

Malama, kin tambaya ko za a narkar da nama a maikirowef da safe, a ajiye shi sai yamma. Kada ki yi haka.

Dalili kuwa, tun da yake zafin na'urar ba ya ratsa nama fiye da santimita 2 ko 3, gefensa yakan ɗumama har ya soma dahuwa alhali cikinsa ƙanƙara ne, kuma a irin wannan ɗumi ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Saboda haka wajibi ne da zarar ya narke ki ɗora tukunya. Wajen narkarwar kuma, ki rage ƙarfin wutar na'urar, ki cire leda, ki sa shi a kwanon tangaran, kina juyawa. Kwanon ƙarfe kuwa kada ya shiga, domin tartsatsi yake haddasawa.